Ga masu haɗa Kubernetes da tsofaffin kwamfutoci

Salamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa kwamfutoci huɗu a shagonmu da ke wajen Ringim da Kubernetes, manhajar da ke sa kwamfutoci da yawa su yi aiki tare kamar guda, ɗaya uwa mai ba da umarni, uku ma'aikata masu gudanar da ayyukan, kuma ga abin da ya ba ni wahala.

Kafin komai, kowace na'ura a ba ta sunanta daban da lambar IP (adireshinta a netwok) da ba ta canzawa. In kun bar rauta, na'urar da ke haɗa su a netwok, tana raba lambobin, ranar da aka ɗauke wuta aka dawo da ita, uwar tana iya farkawa da sabuwar lamba, ma'aikatan su yi ta nemanta a ƙofar 6443, inda suke magana da ita, ba su same ta ba. Ni kwana biyu na yi ina zargin wayar netwok.

A kashe swap, wato ɓangaren faifai da na'ura ke ara in RAM ta cika, in ba haka ba kubelet, manhajar Kubernetes da ke gudana a kan kowace na'ura, zai ƙi tashi. Uwar kuma tana son aƙalla CPU 2 da RAM 2GB.

Mabuɗin kubeadm join, umarnin da ke haɗa ma'aikaciya da uwar, awa 24 yake yi ya mutu. In ma'aikaciya ta zo daga baya, sai a buga kubeadm token create --print-join-command a kan uwar.

Sannan batirin sola, uwar za a fara ba wa, domin etcd, rumbun bayanan Kubernetes da ke kanta, ba ya son yankewar wuta yana tsakiyar rubutu. Wanda injinansa suka tsufa sosai, ya gwada k3s, wani ƙaramin nau'in Kubernetes, ya fi sauƙin nauyi.