Babi na Shida: Tara Kalmomin Turanci Tare da Yaranmu

Iyayena da 'yan'uwana, sannunku da ƙoƙari. Da yawanku kun gaya mini cewa yara na dawowa daga makaranta da aikin gida na Turanci, ku kuma sai dai ku zuba musu ido. Wannan babi naku ne. Yawancin darussan jarrabawar WAEC da NECO da Turanci ake rubuta su, kuma yaron da bai ci Turanci da kyau ba, shiga jami'a zai yi masa wuya. Kalmomin da zai buƙata a ranar kuwa, tun yana firamare ake tara su kaɗan-kaɗan, kamar zubin adashi.

Darasi na 1: Kayan aiki

Ku nemi sabon littafin rubutu, da fensir, da rula. Ku buɗe shafin farko, ku ja layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, a tsakiya daidai. Yanzu shafin ya rabu biyu. Ɓangaren hagu, wato wajen hannun da ba a cin abinci da shi, na Turanci ne. Ɓangaren dama na Hausa ne.

Sai ku yanko kwali, na sukari ko na ganyen shayi, girmansa kamar tafin hannu. Ku saka shi cikin littafin. Kada ku yar da shi, da shi za mu yi babban aikin.

Darasi na 2: Kalmomin da kun riga kun sani

Kada gabanku ya faɗi. Akwai kalmomin Turanci da ke bakinku tun kuna yara, Hausa ce ta aro su ta gyara musu zama. Ku rubuta waɗannan, Turanci a hagu, Hausa a dama, kowace a layinta:

table, tebur
bucket, bokiti
pencil, fensir
bread, burodi
minute, minti

Biyar ke nan. Biyar za ku riƙa rubutawa a rana, kada ku ƙara. In an yi kwana 6 a mako, kalmomi 30 sun taru. Yaro ya kawo sababbi daga littafinsa na makaranta, shi ya faɗa, ku maimaita. Ba abin kunya ba ne ɗanka ya gyara maka baki, shi ma ƙaruwa yake yi.

Darasi na 3: Rufewa

A nan ne kusan kowa ke tuntuɓe, don haka mu bi a hankali.

Ɗauki kwalin. Rufe ɓangaren hagu, na Turanci, har ya zama ba ka ganin ko harafi ɗaya. Dubi ɓangaren dama, karanta: bokiti. Yanzu faɗi Turancinsa daga kanka, da murya, yadda na kusa zai ji. Bayan ka faɗa, sai ka janye kwalin ka duba. In daidai ne, madalla. In ba daidai ba ne, ɗiga ɗigo a gefen kalmar, ka sake rufewa.

Mu sake. Rufe. Faɗa. Sannan duba. Faɗa ce ta fara zuwa, dubawa na biye.

Me ya sa nake nanata wannan? Domin ido na yaudara. Kana kallon bread da burodi a jere, zuciya sai ta ce ai na sani. A ɗauke takardar, sai ka nemi kalmar ka rasa. Ku tuna makarantar allo: almajiri ba ya wanke allonsa don ya karanta yana kallo, sai ya kifa shi ya biya wa malam da ka. Kwalin nan shi ne kifa allo.

In ka rufe kalmar ta ƙi zuwa, kada ka yi saurin buɗewa. Ƙirga ɗaya zuwa goma a zuci kana nemanta. Wannan ɗan wahalar ita ce ke kafa kalma a ƙwaƙwalwa. Sannu a hankali, za ta zo.

Amma fa sai na faɗa muku gaskiya. A aji ina ganin masu ɗaga gefen kwali suna leƙe. Wa kuke ruɗi? Akwai waɗanda suka cika shafi goma da rubutu mai kyau, kwalin kuwa ko lanƙwasa bai yi ba, alamar ba a taɓa shi. Wannan kwafe ne, ba koyo ba. Kuma yaron da ya ga uwarsa ko ubansa na leƙe, shi ma leƙen zai koya. Don Allah a rufe.

Kafin ku rubuta biyar na yau, ku rufe na jiya ku faɗa. Ranar Asabar ba a sabon rubutu, a rufe na mako duka, a fi tsayawa kan masu ɗigo. Idan kun saba, ku juya: rufe Hausar, faɗi ma'anar. Nan ma dai rufe, faɗa, sannan duba.

Darasi na 4: p da f

Bakinmu na haɗa waɗannan biyu, Turanci kuwa ya raba su. Pull ja ne, full cikakke ne. Don faɗin p, haɗa leɓɓa biyu ka sake su da ƙarfi. Don f, ɗora haƙoran sama kan leɓen ƙasa ka hura. Akwai kuma haruffan da ake rubutawa ba a furtawa, kamar k a knife, wato wuƙa. Ku saka su a littafi, ku rufe.

Darasi na 5: Jimla

Kowace kalma a yi mata gajeriyar jimla. This is a bucket, wannan bokiti ne. A canza da table, a canza da pencil.

Darasi na 6: Ƙamus

Kalmomin ƙamus a jere suke bisa haruffan Turanci 26, daga a zuwa z. Ku nemi harafin farko, sannan na biyu. Yaro zai nuna muku sauran.

Mako mai zuwa kowa ya zo da littafinsa da kwalinsa. Zan duba kwalin kafin littafin.