Yadda za ka kafa hujjar cewa ka sayar da gida shekaru da suka wuce

Ranar ciniki mai sayarwa ne ke miƙa komai: takardar mallaka, rasitan kuɗin ƙasa, makullai, har da takardar cinikin da aka rubuta a zaure. Ya ƙirga kuɗinsa, ya ce ya sallama, a yi addu'a a watse. Sai bayan shekara goma takardar neman kuɗin ƙasa ta iso da sunansa, ko kamfanin wuta ya biyo shi bashin mita, ko magadansa su ga sunan mahaifinsu a fayil su sa gidan cikin tarika. A nan ne ake gane cewa mai saye ya tafi da hujja duka.

Kafin ka fita, zauna ka rubuta abin da ka tuna: shekarar ciniki, lambar fuloti, lambar takardar mallaka, cikakken sunan mai saye, kuɗin da aka biya da yadda aka biya, dillali, shaidu, da lauya idan akwai. Lambar fayil ce ta fi komai muhimmanci, domin da ita ake nemo gida a ofishin ƙasa. Idan ta ɓace maka, duba tsohon rasit ko taswirar safiyo, ko ka roƙi maƙwabci ya nuna maka tasa, tunda lambobin fuloti a shimfiɗa ɗaya suna bin juna.

Daga nan sai ofishin ƙasa: KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, ko ma'aikatar ƙasa da safiyo a sauran jihohi. Ka rubuta takardar neman binciken fayil, ka haɗa da katin shaidarka, ka biya kuɗin bincike ta hanyar da ofishin ya tsara, ka riƙe rasit. Sakamakon zai nuna sunan wanda ke kan gidan yanzu da duk abin da aka yi wa rajista a kansa. Idan mai saye ya mayar da gidan sunansa, ka huta. Ka nemi kwafin da aka tabbatar, wanda ma'aikata ke kira CTC, na takardar miƙa mallaka, tare da wasiƙar amincewar gwamna. Ka duba cewa lamba, shafi da kundin rajista sun fito, kuma akwai kwanan wata, hatimi, sunan jami'in da ya tabbatar da muƙaminsa da sa hannunsa. Kada ka karɓi fotokwafi tsura da wani ya ciro maka ta bayan fage. Dokar Shaida ta 2011 ba ta yarda da kwafin takardar hukuma ba sai wanda aka tabbatar, don haka lauyan abokin shari'a zai sa a yi watsi da shi nan take.

Sai dai sau da yawa abin da za ka tarar shi ne sunanka yana nan daram. Dalili kuwa sananne ne: Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, a sashe na 22, ta ce sai da amincewar gwamna ake miƙa gida mai takardar jiha, kuma neman amincewar na tafe da kuɗin rajista da harajin hatimi, sai mai saye ya jefa takardun a akwati ya ce sai ya samu sarari. Wani lokaci gidan ya shiga hannu uku a haka. A idon fayil kai ne mai gida, shi ya sa bashi ke zuwa ƙofarka.

To a nan sai a bi sawun takarda. Lauyan da ya rubuta yarjejeniya yakan ajiye kwafi a fayilinsa. Idan ya rasu ko ya tashi, reshen ƙungiyar lauyoyi na garin zai iya nuna maka inda ofishinsa ya koma. Cinikin cikin unguwa kuwa, mai unguwa ko dagaci ne ke sa hannu da hatimi, kuma wasu na da littafin da suke shigar da irin wannan. Idan wanda ya sa hannu ya rasu, tambayi magajinsa ko ofishin hakimi. Kada ka raina dillali. Mutumin da ya ci la'ada a kan gida ba ya manta shi, yakan tuna har da wanda ya kawo kafin alƙalami da ranar da aka cika sauran. Shi kansa mai saye, idan yana raye kuma ba rigima tsakaninku, shi ne hanya mafi sauƙi: ka ɗauki kwafin takardarsa gaba da baya, ku je wurin lauya ya sa hannu a kan sabuwar takarda mai kwanan watan yau, wadda ke tabbatar da cewa ya sayi gidan a shekara kaza kan kuɗi kaza. Takardar da ba a yi wa rajista ba tana iya nuna an biya kuɗi kuma an miƙa gida, ko da ba ta isa ta tsaya a matsayin shaidar mallaka ba, kuma kai abin da kake buƙata ke nan.

Hattara da masu ba da shawarar a rubuta sabuwar takarda a sa mata tsohon kwanan wata. Jabu ce, laifi ne, kuma tana ɓata gaskiyar da kake da ita.

Sawun kuɗi ma hujja ne. Ka rubuta wa bankinka ka nemi bayanin asusu na watannin da aka yi ciniki, ka faɗi watan da shekarar daidai. Doka ta wajabta wa bankuna ajiye bayanan hada-hada aƙalla shekara 5, saboda haka kada ka yi jinkiri. Wanda ya wuce haka sai an tono daga ma'ajiya, idan yana nan. Idan kotu za a kai, ka nemi banki ya haɗa da takardar tabbaci da sashe na 84 na Dokar Shaida ke buƙata ga duk abin da aka ciro daga kwamfuta. Shigar kuɗi kaɗai ba ta ce na gida ne ba, sai adadin ya dace da na takarda ko da bakin shaidu.

Shaidu kuwa mutuwa ke cin su, a fara da dattawan. Kowannensu ya yi takardar rantsuwa a babbar kotu, ya faɗi abin da ya gani da idonsa: wurin zama, wanda ya miƙa kuɗi, wanda ya karɓi makulli. A kotun shari'ar Musulunci shaidar maza biyu adilai na tabbatar da ciniki, kuma a mazhabar Malikiyya zaman mai saye a gidan shekara 10 yana gini da gyara, mai haƙƙi na gani bai yi magana ba, shi ne hauzi, yana ƙarfafa cewa gidan ya bar hannunka. Taka rantsuwar da rahoton 'yan sanda na ɓatan takarda suna da amfani, amma su ne mafi rauni a jaka, domin maganarka ce kawai aka buga wa hatimi.

Da hujja ta haɗu, rubuta wa ofishin ƙasa wasiƙa cewa ka sayar da gidan, ka haɗa kwafin komai, a buga maka hatimin karɓa a kan naka kwafin. Ka yi haka ga kamfanin wuta, KEDCO ne ko wani, da hukumar ruwa. Sannan ka matsa wa mai gidan na yanzu ku cike takardar neman amincewar gwamna tare, domin sa hannunka ake buƙata, kuma idan ka rasu kafin a yi, magadanka sai sun fara samo takardar izinin kula da gado daga kotu kafin su sa hannu a madadinka.