Kafin ka ce mikron gitarka ya mutu

Ana tsakiyar zafin Afrilu wani yaro mai kiɗan biki a Zengo ya shigo shagona da gita a kafaɗa. "Maigida, a cire mini mikro ukun nan, sun mutu. Na abokina na ƙara kamar ana fasa tangaran, nawa kuwa kamar an lulluɓe shi da bargo." Ya tara jaka talatin, yana shirin ba wani direban Kano saƙo ya sayo masa sababbi. Na shafa tsirkiyoyin, yatsana ya fito da jan tsatsa. Na tambaye shi rabonsa da sauya su, ya ce tun kafin damina. Muka ɗaura sababbi, ya taɓa sau biyu, ya yi shiru, sannan ya mayar da kuɗinsa aljihu.

Wannan shi ne kuskuren da na fi gani. Mikro shi ne abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin gitar lantarki yana ɗaukar sautinsu. Mai bobin ɗaya, wato mai naɗin zare guda, ba wani abin sihiri ba ne: maganaɗisu ne aka naɗe da siririn zaren tagulla, zagaye wajen 8,000 a irin na gitar Stratocaster. Motsin tsirkiya yake ɗauka, abin da ta ba shi kuma shi yake miƙawa. Gumi da ƙurar hunturu suna kashe kaifin tsirkiya cikin 'yan makonni. Duk wanda zai gwada mikro biyu, to ya fara da sababbin tsirkiyoyi masu kauri ɗaya.

Sai maganar ƙarfi, kuma nan ne kunne ke yaudarar manya da yara. Wanda ya fi ƙara, shi kunne ke cewa ya fi daɗi. Sau da yawa kuma ƙarar ba daga naɗin take ba, daga kusancinsa da tsirkiya ne. Na sha ganin an ɗaga mikro har ya kusa sumbatar tsirkiya don a samu ƙarfi, sai maganaɗisu ya riƙa jan ta, sautin ya riƙa rawa, a yi ta gyaran akor, wato saita tsirkiya, ba ya zama, a ƙarshe a ce gitar ce ke da iska. Danna tsirkiya a gaɓar ƙarshe ta wuyan gita, ka auna tazara tsakaninta da kan maganaɗisu. Fara da kusan milimita 2, ka ɗan ƙara a ɓangaren masu kauri, sannan ka bi kusoshin mikron da turnabis rabin juyi rabin juyi kana saurare. In ka zo kwatanta, daidaita ƙarar biyun a amfuli, na'urar ƙara sauti, tukuna. Ka juya baya, wani ya riƙa sauya maka ba tare da ya faɗa maka wanne ne ba. Mutane da yawa a shagon nan sun zaɓi mai araha da bakinsu ta wannan hanya, suka kuma ji kunya.

Wasu kuma sai su gwada mikron wuya na wannan gita da na gindi na waccan. Kusa da gindi tsirkiya ba ta lilo sosai, dole sautin ya fito siriri mai kaifi. Kusa da wuya ya fito da kauri. Wuya da wuya ake gwadawa, gindi da gindi. Kuma ba kowane mai bobin ɗaya ne ɗan gida ɗaya ba. Mikron P-90 na kamfanin Gibson, wanda ya fito a 1946, naɗinsa gajere ne mai faɗi, muryarsa na da gurnani. Na gindin gitar Telecaster yana zaune kan farantin ƙarfe, shi ya sa yake cizo. Stratocaster ta 1954 ita ce mai wannan tsarkin da makaɗan gitar Agadez suka sa kunnenmu ya saba da shi. Neman muryar ɗaya a jikin ɗaya, neman jini ne a jikin fara.

Masu mitar auna lantarki suna da nasu kuskuren. A ɗora, a ga 6k (ohm dubu shida, ma'aunin turjiyar zare ga lantarki) a wannan, 7k a wancan, a yanke hukunci cewa na biyu ya fi ƙarfi. Lambar tsayin zare da sirantarsa take nunawa, ba ta san komai game da maganaɗisu ba, ko na ƙarfen alniko ne ko siramik ɗin da ake mannawa a ƙarƙashin masu araha. Zafi ma yana motsa ta: turjiyar tagulla na ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri. Mikron da aka auna 6k a ɗaki mai digiri 20, in ka auna shi da azahar a Damagaram ana 42, zai kusa 6.5k, alhali ba abin da ya sauya.

Doguwar waya tana shanye kaifi. Kada ka gwada ɗaya da ta mita 3, ɗaya da ta mita 10. Maɓallin ƙara ma yana sauya kaifi: mai 250k aka saba sa wa bobin ɗaya, in an sa 500k sai ya ƙara tsini. Sautin da aka turo maka ta WhatsApp kuwa, lasifikar salula kake ji.

Ƙugin nan na "zuuu" ba alamar lalacewa ba ce, halin bobin ɗaya ne. Yana kwasar kuran ɗinmu mai 50 Hz, ya fi tsanani kusa da gurup, fanka ko cajar salula. Juya jikinka a hankali, za ka samu wajen da ya lafa. A yawancin Stratocaster na yanzu mikron tsakiya an naɗe shi a juye, don haka matsayi na 2 da na 4 na maɓallin zaɓen mikro, inda na tsakiya ke haɗuwa da na gefensa, ba sa ƙugi. In kuma ka haɗa mikron kamfani biyu, matsayin nan suka koma magana ta hanci, siririya kamar ta sauro, to sun saɓa ne. Musanya wayoyi biyun ɗaya daga cikinsu, ka liƙe da dalma, ka sake saurare.