Yadda za ka gane tsohon kwabo mai rubutu biyu na gaske

Tunda bidiyoyin nan suka fara yawo a TikTok da Facebook cewa kwandala mai rubutu biyu tana kuɗi, kowa a Kaduna ya koma zazzage tsohuwar adakar kakarsa, wani ma har Panteka yake zuwa wajen ƴan gwangwan yana tsintar sulalla. Toh gaskiyar magana mafi yawan abin da ake turowa a waya ana cewa dobul dai ne (doubled die, wato kwandalar da hatimin buga ta ya ɗauki zane biyu) ba shi ba ne, kuma banbancin ba wani wuya gare shi ba in ka san yadda ake buga kuɗin.

Ana buga kwandala ne da hatimin ƙarfe, shi kuma hatimin akwai uwarsa da ake danna masa zanen. A da sai an danna fiye da sau ɗaya kafin zanen ya zauna, in aka samu ɗan gocewa tsakanin dannawar farko da ta biyu shi kenan hatimin kansa ya ɗauki zane biyu, duk kwandalar da ya buga haka za ta fito. Wannan shi ne na gasken. Ɗayan kuwa hatimin lafiyarsa ƙalau, injin ne ya ɗan girgiza lokacin bugu ya murje gefen haruffan. Kamar sitam ɗin ofis ne, in tun wajen sassaƙa shi aka yi kuskure duk takardar da aka buga iri ɗaya za ta fito, in kuma hannun ma'aikaci ne ya yi rawa to takardar nan ce kawai. Masu tara tsoffin kuɗi na farkon suke biya, na biyun ko kallonsa ba sa yi.

Ka samu gilashin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido, mai ƙara girma sau 10 ya isa, ko ka roƙi mai gyaran waya ya ɗora maka a na'urarsa ta duba bod. Kar ka haska tocila daga sama kai tsaye, ka kawo hasken ta gefe kana juya kwandalar a hankali, don ƙyalli kaɗai yakan sa ka ga biyu inda babu.

Yanzu ka zuba wa haruffa da lambobin shekara ido, nan ne aikin yake. A na gaske zanen na biyu yana da tudu da kumburi daidai da na farko, harafin ya ƙara kauri, kuma in ka duba ƙarshen harafi, wajen ƙafarsa ko kusurwarsa, za ka ga ya rabu biyu da ɗan tsagi a tsakani. Na inji kuwa zanen na biyu a kwance yake, shafaffe, ƙasa da na farko, kuma in ka lura harafin ramewa ya yi don daga jikinsa aka murje. Akwai ma na uku, wanda hatimi ne ya tsufa ya gaji da bugu, sai ka ga wata inuwa dishi-dishi a gefen haruffa tana miƙewa wajen bakin kwandalar, shi ma ba kuɗi.

Wanda duk ake magana a kai shi ne senti ɗaya na Amurka mai hoton Lincoln na 1955, da aka buga a Filadelfiya. Shi ko gilashi ba ka buƙata, shekarar da rubutun gaban duk sun fito biyu ƙarara, kuma babu ƙaramin harafin nan da ke nuna masana'antar da ta buga shi a ƙarƙashin shekarar, in ka ga D ko S to ba shi ba ne. Nauyinsa giram 3.11, ka kai wa mai sayar da zinare a kasuwar Gumi ya ɗora maka a ƙaramin sikelinsa, kuma maganaɗisu ba ya kama shi. Na 1969 mai S kuma akwai wata dabara, lokacin da hannu ake buga harafin S a jikin hatimi daga baya, saboda haka a na gasken S ɗin guda ɗaya ne tsaf, in ka ga shi ma ya zama biyu tare da shekarar to inji ne. Jabu ma sun yi yawa, wanda aka zuba a narke za ka ga ƙananan ramuka a fuskarsa ko layin haɗi a gefe.

Namu na gida, anini da ɗari da kwabo mai huji na zamanin Turawa, da sisi da sule na 1959, da kwabon 1973, ƙa'idar ɗaya ce. Tunda kuskuren a hatimi yake dole yana da ƴan uwa, sai ka nemo wani na shekara ɗaya mai ƙaramin harafin masana'anta iri ɗaya in yana da shi, kamar H ko KN, ka gani ko biyun ya fito a waje ɗaya sak. Af, kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na 8 da ake ta zuzutawa, an buga shi da yawa, kar wani ya tsuga maka kuɗi.

Don Allah kar ka wanke, ba toka ba lemon tsami ba Brasso, wankin nan yana karya darajarsa nan take. Ka riƙa kama shi ta gefe, ka sa shi shi kaɗai a ƴar takarda. In duk alamun sun dace sai maganar tantancewa, PCGS da NGC su ne kamfanonin da masu saye a waje suka yarda da su, amma kuɗin aiki da na aikawa da dala ne, don haka ka fara ɗaukar hoto mai kyau gaba da baya ka gwada da hotunan da ke shafinsu, harafi bayan harafi, kafin ka fitar da ko naira ɗaya.