Ɗaukar Hoton Tsoffin Rajistocin Cocin Katolika: Kada a Yanke Gefen Shafi

Ranar da na fara ɗaukar hoton littafin baftisma, na gama ina ta ji da kaina, ashe na datse ɗan filin da ke gefen kowane shafi. A nan ne fada, wato limamin cocin, yake komawa ya ƙara rubutu bayan shekaru. Tun dokar Ne Temere ta 1907, wato dokar aure da Cocin Katolika ta kafa, wanda aka yi wa baftisma in ya yi aure, akan rubuta kusa da sunansa wa ya aura, a wace coci, a wace rana. Mai neman asalin kakanninsa, wannan layi guda kan kai shi garin da bai taɓa zato ba. Dole na sake aikin daga farko. Yanzu shafi dukansa nake ɗauka, har bango da shafukan da ba a rubuta komai ba, don na baya ya san ban tsallake ba.

Amma kafin kyamara, izini. Doka ta 535 a kundin dokokin Cocin na 1983 ta ɗora wa fadan ikilisiya alhakin adana littattafan, har da tsofaffin. A samu yardarsa da ta ofishin bishop a rubuce, a kuma tsayar da shekarar da za a dakata, domin rajistar baya-bayan nan na ɗauke da sirrin mutanen da ke raye.

Kada a kife littafin a kan sikana a danne, ɗinkinsa zai ɓalle. A shimfiɗa shi a kan matashi, kyamara daga sama, ba filasha. Hannu wankakke busasshe ya fi safar hannu, wadda ke sa yatsu su yage takarda. Inda ya yage, a bar shi haka. Salatif mugun magani ne, na ga shafin da ya mayar ruwan ƙasa ya cinye suna.

Inda aka fi ɓarna shi ne wajen kwafe sunaye. Tun 1563, a Majalisar Trent, babban taron shugabannin Cocin, aka wajabta rubuta baftisma da aure, kuma yawanci da Latin. Joannes na iya zama John, Johann ko Jean. A kwafa yadda fada ya rubuta, ko da kuskure ne, a sa gyaran a wani gurbi dabam. Kada a watsar da sunayen iyayen baftisma, wato waɗanda suka tsaya wa wanda aka yi wa baftismar, galibi dangi ne ko maƙwabta.

Sai adanawa. Kowane hoto ya ɗauki sunan ikilisiya, littafi da lambar shafi, a yi kwafi uku a wurare dabam-dabam. Mai son ganin yadda ake buɗe su ga jama'a ya duba Matricula, shafin intanet na tsoffin rajistocin coci, ko rajistocin da Laburaren Ƙasa na Ayalan ya sa a intanet kyauta a 2015. Kwafi ɗaya kuwa ya koma hannun fada, don gobe in mai bincike ya zo, a nuna masa allo, littafin ya huta a akwatinsa, nesa da danshi da gara.