Yadda za ku sa ƙaramar hukuma ta ware kuɗin kula da lafiyar ƙwaƙwalwar ɗalibai

Abu na farko dai ku san lokacin da ake rubuta kasafin kuɗi, don yawancin iyaye da malamai sai an gama komai an sa hannu sannan su taso da kokensu, a ce musu ai babu shi a bajet sai dai ku dawo baɗi, kuma fa gaskiya aka faɗa musu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tambayi kansilan mazaɓarku ko sakataren majalisa wane wata ne sashen ilimi ke miƙa buƙatunsa, ku fara zirga-zirga tun wata biyu ko uku kafin nan. In akwai zaman jin ra'ayin jama'a, ku tabbata sunanku na cikin masu magana.

Sai ku gano aljihun wa za a taɓa. Nan ne ake yawo da hankalin mutane, sashen ilimi ya ce wannan ai aikin lafiya ne, sashen lafiya ya ce yaran ai a makaranta suke ba a asibiti ba, ku yi ta kai da kawo har ku gaji. Maganinsa ku rubuta takarda ɗaya da sunan ƙungiyar iyaye da malamai, ku kai wa sassan biyu kwafi, ku nemi a zaunar da su a ɗaki ɗaya.

Kar ku je da kuka kawai, ku je da hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa ko fargaba, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli kafin yaro ya wuce shekara 14 suke farawa, amma a matsakaici abin da gwamnatoci ke ba wa ɓangaren kusan kashi 2 cikin 100 ne kawai na kuɗin lafiya. Ga wanda lissafin riba kawai yake ganewa, wani bincike da hukumar ta jagoranta a 2016 ya nuna duk dala 1 da aka kashe wajen maganin damuwa da fargaba tana dawo da dala 4. To amma ni a ganina abin da ya fi motsa kansila shi ne rajistar makarantar da ke mazaɓarsa: yara nawa suka daina zuwa a zangon nan, nawa aka dakatar saboda faɗa, nawa ke kwantar da kai kan benci tun safe har a tashi ba sa ce wa kowa uffan. Hedimasta na da waɗannan. Lamba kawai za ku ɗauka, don Allah ban da sunan yaro ko ajinsa, kar a je neman gyara a tona asirin ɗan wani.

Yanzu ga inda maganar take. Me za ku roƙa? Ku ce a buɗe wa abin layi nasa a kasafi, da sunansa da adadinsa, wanda zai riƙa dawowa duk shekara, kuma mafi yawansa albashin mai ba ɗalibai shawara ne. In ba ku faɗi haka ba wallahi bita za a shirya muku, a buga ƙyallen sanarwa, a raba alawus, a ɗauki hoto shike nan an "kula da lafiyar ƙwaƙwalwa". Kuɗin lokaci ɗaya ma yaudara ne, ku dubi Amurka, lokacin korona gwamnatin tarayya ta zuba wa makarantu kusan dala biliyan 190, wasu suka ɗauki masu ba da shawara da shi, wa'adin kuɗin na cika a Satumbar 2024 aka koma neman inda za a samo albashinsu. Yankin Wales na Birtaniya kuwa doka suka yi a 2013 da ta wajabta wa ƙananan hukumomi samar da masu ba da shawara ga yara 'yan shekara 11 zuwa 18 har da 'yan ajin ƙarshe na firamare, kun ga wannan ko ciyaman ya sauya abin na nan. Jihar Kalifoniya ta Amurka ita ma tun 2004 ta sa harajin kashi 1 cikin 100 kan abin da mutum ya samu sama da dala miliyan 1 a shekara domin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, akasarin kuɗin gundumomi ake ba.

Za su ce babu kuɗi, dole su faɗa. Ƙungiyar masu ba da shawara a makarantun Amurka mutum 1 ga ɗalibai 250 take so, su ma can ba ko'ina aka kai haka ba, don haka ku riƙe ƙaramin tsari a hannu: ƙwararre ɗaya mai zagaya makarantu uku ko huɗu a ranakun da kowa ya sani, malami ɗaya a kowace makaranta da aka koya masa gane alamu, da yarjejeniya a rubuce da asibiti mafi kusa don tura wanda abinsa ya yi tsanani.

Amincewa da kasafi daban, sakin kuɗi daban. Duk wata uku ku nemi rahoton abin da aka saki, sannan ku leƙa makarantar da kanku, ku ga ko an ba mai ba da shawarar ɗaki mai ƙofa inda yaro zai yi magana wani bai ji ba, ku duba jadawalin darasi ma, don sau da yawa da an ga ƙarancin malamai sai a miƙa masa alli a ce ya shiga aji ya koyar da lissafi.