Yadda nake duba kod ɗin rigakafin masu ciki kafin mu nemi kuɗi a CQRS

Duk wanda yake aikin ofis a asibitin GP, wato likitan unguwa, a Ingila ya san yadda ƙarshen wata yake, manaja na tambaya ko an duba CQRS, wato manhajar hukumar lafiya ta NHS da ke lissafa ayyukan da za a biya mu a kai, nas na cewa ita dai ta yi allurai da yawa wannan watan, kai kuma ka buɗe sai ka ga lambar da ta fito bata kai abinda aka yi ba, wani lokacin ma ta wuce. A ɓangaren masu juna biyu abin ya fi rikicewa saboda ba mu kaɗai muke musu allurar ba, ungozoma ma suna yi a wajen awo. Toh ga yadda ni nake bi.

Da farko sai ka san me ake ba su da kuma yaushe, in ba haka ba duk binciken da zaka yi a kwamfuta aikin banza ne. Allurar tarin shiƙa an fara ba masu ciki ita a watan Oktoban 2012 bayan cutar ta ɓarke ta kashe jarirai, ana yinta daga sati 16, an fi so kafin sati 32, yawanci bayan hoton sati 20, kuma kowane ciki da tasa, ko da mace ta yi a cikin da ya wuce sai ta sake. Da Boostrix-IPV ake amfani, daga Yulin 2024 aka koma ADACEL. Allurar RSV kuma, wato Abrysvo ta rigakafin wata ƙwayar cutar numfashi, an fara ta 1 ga Satumbar 2024, daga sati 28 har zuwa haihuwa. Ta mura ita babu ruwanta da sati, kowane lokaci na ciki ana yi muddin lokacinta ne, daga Satumba zuwa ƙarshen Maris. A shekarar 2021 kuɗin da ake biya a kan allura ɗaya irin ta tarin shiƙa £10.06 ne. Kuɗin ba yawa in ka kalli guda ɗaya, amma in ya riƙa zubewa duk wata shekara guda zaka ji a jikinka.

Shawarata kar ka fara da CQRS. Fara da naka binciken a manhajar fayil ɗin marasa lafiya, EMIS Web ko SystmOne, duk wanda kuke amfani da shi. Dalili kuwa CQRS ba ya sanin abinda ya faru a ɗakin nas, abinda GPES, tsarin da ke kwasar bayanai daga kwamfutocin GP, ya kwaso daga kod ɗin SNOMED da aka shigar, wato lambobin da ake wa kowace cuta ko aiki alama da su a fayil, shi kaɗai yake gani, wasu ayyukan ma da hannu ake shigar da lambar, toh in kod ya karkace shikenan lamba ta karkace. Ni bincike biyu nake haɗawa. Na farko duk wata mace da aka shigar mata da allurar tarin shiƙa ko RSV ko mura a cikin watan, na biyu duk wadda fayil ɗinta ya nuna tana da ciki yanzu. Sai in ɗora wannan a kan wancan. Waɗanda suka fito a duka biyun ba su cika ba da matsala ba. Waɗanda suka fito a ɗaya kawai, nan aikin yake.

Wadda aka yi wa allura amma babu kod ɗin ciki ita ce ta fi yawa a wajenmu. Yanzu mata da yawa kai tsaye suke kai kansu wajen ungozoma ba sai sun biyo ta GP ba, wasiƙar asibiti ta zo a yi mata sikanin a liƙa a fayil, ba wanda ya shigar da kod ɗin ciki balle ranar da ake sa ran haihuwa. Nas ta ga mace da cikinta a gabanta ta yi mata allura daidai, amma a idon kwamfuta wannan matar bata da ciki. Gyaran shi ne ka buɗe wasiƙar, ka tabbatar, a shigar da kod ɗin cikin da ranar da ta dace, ba ranar da ka gano ba, don in ranar kod ɗin ta zo bayan ranar allurar kamar baka gyara komai ba ne. Kuma in kai ba ma'aikacin lafiya ba ne kar ka shigar da shi da ka, tura wa nas ko likita ko wanda aka ba aikin kod su tabbatar.

Sai matsalar wa ya yi allurar. Wannan ita nake fi jin tsoro wallahi. Takarda ta zo daga asibiti cewa ungozoma ta yi wa mace RSV, wanda yake shigar da takardu ya zaɓi kod ɗin da ya fara fito masa, wanda ke nuna kamar a nan aka yi. Akwai kod na daban da ke cewa wani mai ba da kulawa ne ya yi ba mu ba, shi ya kamata a sa. In ba a sa shi ba zaku karɓi kuɗin aikin da ba ku yi ba, kuma ICB, wato hukumar NHS ta yankinku, na da damar dawowa su duba bayan an biya su ce a maido. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, buɗe shigarwar ka duba, akwai lambar bach, wato ta rukunin maganin? akwai ranar lalacewar maganin, da hannun da aka yi, da sunan nas ɗinmu? akwai ganawa a littafin alƙawari a wannan ranar? In babu ko ɗaya kuma ranar ta faɗo Lahadi da muke rufe, ka san ba tamu bace. Ni har lissafin firij nake haɗawa da shi, abinda aka yi oda ta ImmForm, shafin da ake odar allurai, da abinda ya rage, in kwamfuta ta ce mun yi goma firij ya ce takwas suka fita toh akwai biyu da ba namu ba ko kuma wani abu ya faru da ya kamata a bincika.

Akwai kuma akasin haka, nas ɗinmu ta yi allurar amma ta rubuta da hannu kawai cikin bayanin ganawa, ko ta shigar da sunan maganin ba tare da kod ɗin cewa an yi allurar ba. Rubutun hannu GPES ba ya karanta shi. Wannan ya fi faruwa da nas ɗin wucin gadi da ba ta saba da tamfilet ɗinmu ba, wato fom ɗin kwamfuta da ake cikewa in an yi allura, ko kuma tamfilet ɗin kansa ya tsufa yana ɗauke da tsohon kod. Lokacin da aka sauya zuwa ADACEL mun ga haka, an canza maganin a firij amma tamfilet na nan da tsohon suna. Kuma a kula, Boostrix-IPV an yi amfani da ita wajen ƙarin allurar yara masu shekara 3 da wata 4, RSV kuma ana ba tsofaffi masu shekara 75 zuwa sama ita, don haka in bincikenka bai ware shekaru da jinsi ba zaka ga an cakuɗa maka su. Duk farkon shekarar kuɗi a Afrilu ka sauko da ka'idojin lissafi na NHS na wannan shekarar ka gwada kod ɗin da ke tamfilet ɗinku da jerin da ke ciki, aikin awa ɗaya ne yana hana ciwon kai na wata goma sha biyu.

Yanzu ɗaya jerin, masu kod ɗin ciki da babu allura. A nan ka tafi a hankali don Allah. Ba duk wadda kwamfuta ta ce tana da ciki bace take da shi har yanzu. Wata ta haihu ba a rufe ba, wata kuma ta yi ɓari, ko jaririn ya zo babu rai, takardar na nan a fayil ba a sa mata kod ba. Akwai ranar da saƙon gayyatar allura ya fita daga wajenmu zuwa wayar wata baiwar Allah da cikinta ya zube sati uku kafin nan, mijinta ne ya kira, bai yi faɗa ba ma, cewa kawai ya yi don Allah a daina turo mata, har yau in na tuna sai naji ba daɗi. Tun daga ranar bana barin saƙo ya fita ga wannan jerin sai an buɗe fayil ɗin kowacce ɗaya bayan ɗaya an duba wasiƙun ƙarshe. Ba su da yawan da zai gagara.

Waɗanda aka tabbatar cikin na nan kuma sun kai sati, a kira su. Wata zata ce ai an yi min a wajen awo, toh a tambayi rana da wace allura a shigar da kod ɗin cewa wani wuri aka yi. Wata zata ce bata so, a bari nas ta yi magana da ita, in ta tsaya a kan bakanta a shigar da kod ɗin ta ƙi karɓa, kuma wannan na wannan cikin ne kawai, in ta sake samun wani a sake tayi mata. Wadda ta wuce sati 32 ba a yi mata ta tarin shiƙa ba kar a ce lokaci ya ƙure, ana iya yi har zuwa naƙuda, sai dai kariyar da zata kai ga jaririn ta ragu. Dama dalilin allurar kenan, garkuwar uwa ta ratsa ta mahaifa ta riƙe jariri har ya kai sati 8 da za a fara masa nasa.

Sai bayan duk wannan nake buɗe CQRS. In lambar ta yi daidai da tawa in tabbatar da ita ta tafi wajen ICB su amince, daga nan kuɗin ya fito a bayanin biya na PCSE, masu tura wa asibitocin GP kuɗinsu, shi ma ina dubawa don amincewa daban shigowar kuɗi daban. In bata yi daidai ba bana tabbatarwa, domin da zarar ka danna ka ce ka yarda da lambar ne, gyara bayan nan ya fi wahala. Yawanci bambancin daga gyaran da muka yi ne bayan GPES ya riga ya kwashi bayanan watan, toh sai a rubuta wa ICB a nemi gyaran hannu, a faɗi wata da aikin da adadin da dalili, ba tare da sunan kowa ko lambar NHS a imel ɗin da ba amintacce ba. Kar a bari ya kwana da yawa, neman biya yana da wa'adi, in ya wuce ya wuce.

Abu na ƙarshe, ajiye shaidar. Ni ina da fayil ɗaya a ma'ajiyar ofis mai tsaro, kowane wata da sakamakon binciken, da abinda aka gyara, da wanda ya gyara da rana. Kuma ina gudanar da binciken sau biyu, tsakiyar wata da kwana biyu kafin ya ƙare, saboda gyaran ya shiga kafin a kwashi bayanan. Wata ukun da suka wuce ma ina sake lekawa, don wasiƙun ungozoma kan zo a makare, wani lokacin sai jariri ya zo rajista kafin takardar allurar uwarsa ta iso.